Lacca: Wa ke Riƙe da Sitiyari? Shisshigin Ƴan Siyasa cikin Shugabancin Ma'aikatar Sufurin Birnin Toronto

 

Ranar 21 ga watan Fabrairu na shekarar 2012, kwamitin gudanarwa na ma'aikatar sufurin birnin Toronto, a ƙasar Kanada, ya yi wani zama na musamman, ya kori babban daraktan ma'aikatar, wani injiniya mai suna Gary Webster, da ƙuri'a 5 a kan 4. Ba a tuhume shi da sata ba, ba a tuhume shi da sakaci ba. Takardar korar ma da kanta ta nuna cewa an sallame shi ne ba tare da wani laifi ba. Mutumin ya shiga wannan ma'aikata tun 1975, ya hau matakanta ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙololuwa. Abin da ya jawo masa shi ne, kwana 13 kafin nan, majalisar gari ta tambaye shi ra'ayinsa na masani, ya faɗi abin da lissafi ya nuna masa, wanda kuwa ya saɓa wa abin da magajin gari yake so ya ji.

A kan wannan al'amari laccar yau za ta tsaya. An zaɓi Toronto ne da gangan, domin akwai masu zaton cewa raba muƙamai ga ƴan amshin shata da korar ma'aikaci don ya ƙi bin ra'ayin mai mulki cuta ce ta ƙasashen matalauta kawai. Kanada ƙasa ce mai arziki, mai daɗaɗɗiyar dimokaraɗiyya, mai jaridu masu ƴanci da alƙalai masu zaman kansu. In har cutar ta kama irin wannan jiki, to, ya kamata a duba yadda ta shiga, da ɓarnar da ta yi, da kuma maganin da aka gwada. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Asalin ma'aikatar

Toronto shi ne birni mafi girma a Kanada, kuma babban birnin jihar Ontariyo. Ƙidayar 2011 ta ba shi mutum wajen miliyan 2 da dubu 600. Ma'aikatar da ke ɗaukar jama'arsa ana kiranta TTC a taƙaice, tana da motocin bis, da jiragen da ke tafiya bisa titi, da jiragen ƙarƙashin ƙasa. A wajejen 2011 tana sayar da tafiya kusan miliyan 500 a shekara. A wancan lokaci mafi yawan kuɗin da take aiki da su, wajen kashi biyu cikin uku ko fiye, daga aljihun fasinja suka fito, sauran kuma daga baitulmalin gari.

An kafa ta a 1921. Kafin nan wani kamfani ne mai zaman kansa yake riƙe da jiragen titi bisa yarjejeniyar shekara 30, ya kuma ƙi kai layuka cikin sababbin unguwanni domin ba ya ganin riba a can. Da wa'adinsa ya cika, gari ya karɓe aikin. Sai dai magabatan wancan zamani sun yi wani hangen nesa: sun damƙa ma'aikatar ga kwamitin mutum uku waɗanda ba wakilan majalisar gari ba ne, don kada ta zama saniyar tatsa ga masu neman ƙuri'a. Wannan tsari ya haifi ɗa mai ido. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da man fetur da tayoyi suka yi wuya, jama'a suka koma ga jiragen titi, ma'aikatar ta tara rarar kuɗi, ba a rabe su ba, ba a yi biki da su ba. Da waɗannan kuɗi ne akasari aka haƙa layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duk faɗin Kanada, mai tsawon kilomita 7 da ɗoriya da tashoshi 12, aka buɗe shi ranar 30 ga Maris 1954.

Sannu a hankali al'amarin ya juya. Da birni ya faɗaɗa, kuɗin tikiti suka daina isa, ma'aikatar ta fara miƙa hannu ga gari da jiha. Wanda ya ba da kuɗi kuwa sai ya nemi kujera. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kujerun kwamitin duka sun koma hannun zaɓaɓɓun konseye. Hujjar da aka bayar mai kyau ce a baki: dukiyar jama'a, wakilan jama'a ya kamata su tsare ta. Amma daga ranar ne katangar da ke tsakanin mai yanke manufa da mai gudanar da aiki ta fara zaizayewa.

Daraktoci uku, ƙofa ɗaya

Webster ba shi ne na farko ba. A 1995 aka ɗauko David Gunn, wani Ba'amurke da ya riga ya yi suna wajen farfaɗo da jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok. Ƴan watanni da zuwansa, cikin Agusta 1995, jirage biyu suka yi karo cikin rami, mutum uku suka rasu. Gunn ya kafe a kan magana ɗaya: a fara gyara abin da ake da shi, dogo da sigina da birki, kafin a yi zancen sababbin layuka. Magana ce ta gaskiya, amma ba ta da farin jini ga ɗan siyasa, domin ba a yanka kintinkiri a kan birkin da aka canza, ba a kiran makaɗa don an gyara sigina. Gunn ya bar aiki a 1999 bayan takun saƙa da shugaban kwamiti, konseye Howard Moscoe.

A wannan shekara ta 1995 ɗin kuma aka ga wani abin al'ajabi. An riga an fara haƙa ramin wani layi a titin Eglinton tun 1994. Sabuwar gwamnatin jiha, ta Mike Harris, tana hawa ta soke aikin, aka kawo ƙasa aka cike ramin. Kuɗin haƙa ya tafi, kuɗin cikewa ya bi shi.

Wanda ya gaji Gunn, Rick Ducharme, shi ma ta ƙofar ya fita. Ranar 29 ga Mayu 2006 ma'aikata suka yi yajin aiki na ba-zata, birni ya tsaya cik. Kwanaki kaɗan bayan haka Ducharme ya ajiye aiki, ya fito fili ya ce shisshigin ƴan siyasa ne ya kore shi, domin shugaban kwamiti yana tattaunawa da shugabannin sandika a bayan idonsa. Duk wanda ya taɓa shugabantar ma'aikata ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da ma'aikaci ya gane cewa akwai wata ƙofa ta baya da ake bi a tsallake darakta, daga ranar umarnin darakta ya zama shawara.

Abin lura a nan shi ne, Moscoe ɗan ɓangaren hagu ne, mai ƙaunar sufurin jama'a da ƴan ƙwadago. Waɗanda za su kori Webster daga baya kuwa ƴan ɓangaren dama ne. Ashe cutar ba ta tambayar katin jam'iyya.

Jirgin titi ko jirgin rami

A watan Maris 2007 magajin gari David Miller ya gabatar da wani shiri mai suna Transit City: layuka 7 na jirgin titi na zamani, mai tafiya a kan hanyarsa ta kansa a tsakiyar manyan tituna, jimlar tsawonsu wajen kilomita 120, don a kai ga unguwannin gefen gari inda talakawa da baƙi suka fi yawa, inda kuma mutum kan share awa guda ko fiye cikin bis kafin ya isa wurin aiki. Gwamnatin jiha ta yi alkawarin miliyar 8 da miliyan 400 na dalar Kanada, ba dalar kasuwar Maraɗi ba, don layukan farko. An yi zane, an sa hannu a kwangiloli, har an fara aiki a titin Sheppard a ƙarshen 2009.

Sai zaɓen Oktoba 2010 ya zo, Rob Ford ya lashe da kashi 47 cikin 100 na ƙuri'u. Ranar da ya kama aiki, 1 ga Disamba 2010, ya kira Webster ya shaida masa cewa shirin ya mutu, jirgin ƙarƙashin ƙasa za a yi. Bai kai maganar gaban majalisa ba.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar Ford, domin yana da ita. Birnin Toronto na yanzu an haɗa shi ne a 1998 daga tsohon gari da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Scarborough da Etobicoke da North York. Mutanen waɗannan wurare sun daɗe suna ganin kansu kamar ƴaƴan bora: tsakiyar gari na da jirgin rami, su kuwa sai tsayuwa cikin sanyin ƙanƙara suna jiran bis. Da yawansu da mota suke zuwa aiki, suna tsoron jirgin titi zai ƙuntata musu hanya. Ford ya yi musu alkawari a fili, suka kuma zaɓe shi a kai. Ba laifi ba ne zaɓaɓɓe ya nemi cika alkawarinsa.

Amma lissafi ba ya jin kirari. Haƙa rami ya ninka shimfiɗa dogo bisa titi tsada sau da yawa, saboda haka kuɗin da za su kai jirgi unguwanni uku ko huɗu, in aka zuba su cikin rami, unguwa ɗaya za su isa. Jirgin rami kuma ba ya biyan kansa sai inda jama'a suka yi cunkoso sosai. Toronto na da misali a gabanta: layin Sheppard da aka buɗe a 2002, mai tashoshi 5 da tsawon kilomita 5 da rabi, wanda fasinjojinsa ba su taɓa kusantar abin da aka gina shi don ya ɗauka ba. A ƙarshen Maris 2011 Ford ya ƙulla yarjejeniya da firaministan jihar, Dalton McGuinty, cewa a zuba kusan duk kuɗin jiha cikin binne layin Eglinton daga farko har ƙarshe, shi kuwa zai nemo kuɗin ƙara tsawon layin Sheppard daga ƴan kasuwa. Ƴan kasuwa suka duba, suka ga ba riba, kuɗi ba su zo ba. Injiniyoyin ma'aikatar, ƙarƙashin Webster, suka rubuta rahoto a 2011 mai nuna cewa yawan fasinjan da ake tsammani bai kai a haƙa rami ba. Jaridun birnin sun ruwaito daga baya cewa rahoton ya kwanta watanni da dama ba a fito da shi ba.

Kwana 13

A tsarin Toronto na wancan lokaci magajin gari ƙuri'a ɗaya gare shi cikin 45, kamar kowane konseye. Shugabar kwamitin TTC, Karen Stintz, wadda Ford da kansa ya ɗora bisa kujerar, ta duba lissafi ta janye daga bayansa, ta tara sa hannun mafi yawan konseye, aka kira zama na musamman ranar 8 ga Fabrairu 2012. A wurin ne aka yi wa Webster tambayoyi, ya amsa da abin da ya sani. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a 25 a kan 18 ta maido da shirin jirgin titi. Ford ya fito ya ce wannan ƙuri'a ba ta da wani tasiri.

Magajin gari ba ya iya korar majalisa, ba ya iya korar lissafi. Wanda hannunsa ke iya kaiwa gare shi kawai shi ne ma'aikaci. Cikin kujeru 9 na kwamitin, 5 na hannun mutanensa. Suka kira zama, suka rufe ƙofa, suka fito da hukunci. Aka biya Webster kuɗin sallama kamar yadda kwangilarsa ta tanada, daga dukiyar jama'a, don a raba jama'a da mutumin da ya gaya musu gaskiya.

Majalisa ba ta haɗiye wannan ba. Ranar 5 ga Maris 2012 ta rusa kwamitin baki ɗaya, ta kafa sabo mai kujeru 11: konseye 7 da ƴan gari 4 waɗanda ba ƴan siyasa ba. Mutum biyar ɗin da suka kori Webster duka suka rasa kujerunsu, Stintz ta koma tata. Watau bayan shekaru fiye da 20 an ɗan waiwayi hikimar magabatan 1921. Sai dai Webster bai dawo ba, kuma saƙon ya riga ya isa kunnen kowane ma'aikacin gari, daga babban sakatare har zuwa ƙaramin akawu: gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wa ya biya?

Mai saurare zai iya cewa ai magana ta ƙare lafiya, tunda majalisa ta yi rinjaye. Ba ta ƙare ba. A watan Oktoba 2013 majalisar nan dai ta juya, da ƙuri'a 24 a kan 20, ta yi watsi da layin jirgin titi mai tashoshi 7 na Scarborough, wanda jiha ta riga ta ɗauki nauyin kuɗinsa duka, ta zaɓi jirgin rami mai tashoshi 3, tare da ƙarin haraji a kan gidajen jama'a da asarar miliyoyin da aka riga aka kashe. Zaɓen 2014 ya ƙarato, kowa na zawarcin ƙuri'un Scarborough, har da Stintz, wadda a wannan karo ta goyi bayan ramin. A 2016, zamanin magajin gari John Tory, aka rage tashoshin suka koma ɗaya. A 2019 gwamnatin jiha, ƙarƙashin Doug Ford, yayan Rob Ford, ta karɓe aikin ta maido da su uku.

Ana wannan kai da kawowa, tsohon jirgin da ke ɗaukar mutanen Scarborough tun 1985 yana ta tsufa. Ranar 24 ga Yuli 2023 tarago ɗaya ya kauce daga dogo, mutane suka ji rauni, aka rufe layin har abada. Mutanen da aka yi shekara goma ana faɗa da sunansu suka koma cikin bis, ramin da aka yi musu alkawari kuwa ba a sa ran buɗe shi kafin 2030. Layin Sheppard da aka fara a 2009 ba a gina shi ba. Layin Eglinton da aka fara a 2011 da niyyar buɗewa a 2020, shekarar 2024 ta ƙare bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba, ko da yake jinkirinsa na da wasu dalilai na kwangila da gini. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Waɗanda suka sha ƙishirwar kuwa su ne mai aikin dare a asibiti, da ɗalibi, da tsohuwar da ba ta da mota, ba masu kaɗa ƙuri'a cikin zauren majalisa ba.

Labarin Byford

Wanda ya gaji Webster wani Bature ne ɗan Ingila, Andy Byford, wanda ya koyi aiki a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, ya yi aiki a Sidni ta Ostareliya, ya zo Toronto a ƙarshen 2011. Ya kama aikin da ke gabansa: tsabta, kiyaye lokaci, ladabi ga fasinja. A 2017 ƙungiyar ma'aikatun sufuri ta Amurka ta Arewa ta ba TTC lambar ma'aikata mafi fice ta shekara. Cikin Janairu 2018 birnin Niyok ya ɗauke shi.

A can ya iske wani tsari mai ban mamaki. Jiragen birnin, masu tashoshi 472, ba magajin gari ke iko da su ba, gwamnan jiha ne, wanda a lokacin shi ne Andrew Cuomo. Da Byford ya zo, jirage 58 kacal cikin 100 ke isa a kan lokaci a ranakun aiki. Kafin ƙarshen 2019 adadin ya haura 80. Jama'a suka so shi, jaridu suka yaba masa, kuma ba kowane mai mulki ke jure a yabi na ƙasa da shi ba. Cikin Janairu 2019 gwamna ya fito da rana tsaka ya soke shirin da ma'aikatar ta yi shekaru tana tsarawa na rufe ramin layin L har wata 15 don gyaran ɓarnar guguwar Sandy ta 2012, ya kawo wata dabara daga malaman jami'o'in Columbia da Cornell. Daga baya aka sake fasalin hukumar, aka zare manyan ayyuka daga hannun Byford. Cikin Janairu 2020 ya miƙa takardar murabus.

A nan ma sai a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa laccar daɗi ba. An gama gyaran ramin L a watan Afrilu 2020 ba tare da an rufe layin gaba ɗaya ba. Ashe ɗan siyasa na iya yin daidai, masani kuma na iya kuskure. Abin da ake zargi shi ne hanyar da aka bi: a yanke hukunci a bayan idon wanda zai ɗauki alhakin rayukan fasinjoji, ya ji labari kusan lokaci ɗaya da ƴan jarida. Niyok ta ci ribar rami ɗaya, ta yi asarar mutumin da ya tsayar mata da jirage bisa lokaci.

Ina iyakar take?

Ba wanda ke cewa a miƙa dukiyar jama'a ga injiniyoyin da ba wanda ya zaɓe su, su yi yadda suka ga dama. Wannan ma wani nau'in mulkin kama-karya ne. Zaɓaɓɓe na da haƙƙoƙinsa: shi ke cewa wace unguwa za a fara, nawa za a kashe, nawa talaka zai biya, haraji nawa za a ɗora. In masani ya ce rami ya yi tsada, majalisa na da ikon ta ce ta ji, ta gani, kuma za ta biya. Abin da ba shi da haƙƙi a kai abu uku ne. Na farko, ya tilasta wa masani ya canza lissafi don ya dace da alkawarin zaɓe. Na biyu, ya ɓoye rahoton da aka rubuta da kuɗin jama'a. Na uku, ya hukunta ma'aikaci saboda amsar da ya bayar a gaban wakilan jama'a. Wanda ya fasa ma'aunin zafi don ya nuna masa zazzaɓi, bai warke ba, ya dai rasa mai gaya masa.

Dalilin da ya sa sufuri ya fi saurin kamuwa da wannan cuta a fili yake. Wa'adin zaɓaɓɓe shekara 4 ne ko 5, layin jirgi kuwa kan ci shekara 10 ko 15 tsakanin zane da buɗewa, ya kuma yi aiki shekara 50. Kowane sabon shugaba na son layin da za a kira da sunansa, ba ya son ya ƙarasa na wanda ya kayar. Ga manyan kwangiloli, ga dubban guraben aiki, ga kuɗin tikiti da ke shiga kullum. Duk inda waɗannan suka haɗu, ƙudaje ba sa nisa.

Abin da ya shafi Nijar

Masu saurare da suka ga shekarun 1990 ba sa bukatar a yi musu dogon fassara. Babban taron ƙasa na 1991 ya yi watanni uku yana tonon yadda aka cinye kamfanonin gwamnati a zamanin jam'iyya ɗaya da na soja, aka yi rantsuwa ba za a sake ba. Da ƙawancen AFC ya hau mulki a 1993, sai aka shiga rabon kujerun daraktoci tsakanin jam'iyyu, har kalmar wasoso ta shiga bakin kowa, ta shiga jaridun Faransanci ma. A 1995, lokacin zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa Mahamane Usmane da firaminista Hama Amadu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka hura wutar shi ne wa ke da ikon naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Cikin watan Yuli firaminista ya canza su ba da yardar shugaban ƙasa ba, taron ministoci ya riƙa cijewa, al'amuran ƙasa suka tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka biyu. A Toronto faɗan kujerar darakta ya ci layin jirgi, a Yamai ya taimaka wajen cin jamhuriya ta uku.

Wanda kuma ya tsaya bakin titi a Yamai da safe yana jiran faba-faba ko taksi, ko ya hau kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya san cewa ranar da garuruwan nan za su bukaci ma'aikatun sufuri masu ƙarfi ta riga ta zo. Kafin a sayo motoci, ya kamata a fara rubuta dokar da za ta tsare su.

Darussan Toronto guda biyar ne. A ɗauki darakta ta hanyar gasa a bainar jama'a, da sharuɗɗan da aka buga tun farko, ba a ɗakin shugaban jam'iyya ba. A ba shi wa'adi ƙayyadadde wanda bai zo daidai da na zaɓe ba, da yarjejeniyar aiki mai adadi: motoci nawa ke kan hanya, minti nawa fasinja ke jira, nawa ya shiga asusu. Kada a kore shi sai da dalili rubutacce da aka karanta a zama buɗaɗɗe, da rinjaye mai yawa, ba na ƙuri'a ɗaya ba. A sa ƴan gari masu ilimin aikin da wakilan fasinjoji da na ma'aikata cikin kwamiti, don kada kujerun duka su tashi tare da iskar zaɓe. A ƙarshe, duk rahoton da masana suka rubuta a buga shi, kowa ya karanta, kafin a yanke hukunci.

Waɗannan ba za su hana ɗan siyasa yin siyasa ba, kuma ko Toronto ba ta gama da matsalar ba, tunda a 2022 gwamnatin jiha ta ƙara wa magajin gari iko a kan kasafin kuɗi da naɗin manyan ma'aikata. Doka ba ta tsare kanta. A 2012 abin da ya taka wa magajin gari birki shi ne konseye da suka ƙi zama ƴan amshin shata, da jaridun da suka tono rahoton da aka danne, da jama'ar da suka cika zauren majalisa suna kallo. Inda waɗannan uku suka yi barci, ko an rubuta doka da ruwan zinariya, wasoso zai dawo.

Allah ya ba shugabanni haƙurin jin gaskiya, ya ba ma'aikata ƙarfin zuciyar faɗinta, ya ba talakawa idon gane mai yi musu aiki da mai yi musu romon baka.